DARASI NA SHA BIYU: GISHIRI DA KANWA A ABINCIN HAUSAWAN BIRNI

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi nazarin ire-iren abincin Hausawa da hanyoyin sarrafa su. Wannan darasi zai keɓe kayan haɗi guda biyu waɗanda tukunyar Bahaushe ba ta rabuwa da su, wato gishiri da kanwa. Za a dubi matsayinsu a tarihi da al'ada da harshe, sannan a dubi yadda zaman birni ya sauya yawan abin da magidanci yake ci daga cikinsu. Haka kuma, za a kawo abin da masana kiwon lafiya suka tabbatar game da wasu sinadarai biyu, sodiyam da fotasiyam, waɗanda rinjayen na farkon a kan na biyun yake da alaƙa da hawan jini. An ɗauki yankin Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato, musamman Horo Birni, a matsayin wurin misali.

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu? Amsar ita ce, likita ne ya san cuta, amma da harshen Hausa saƙonsa yake shiga gidajen jama'a. Idan kalmar da aka ɗora wa saƙon ta karkace, to saƙon ma ya karkace, kuma lafiyar mutane ce za ta biya kuɗin wannan karkacewa. Akwai wani kuskuren fassara da ya daɗe yana yawo game da kanwa, wanda gyara shi yana cikin manyan manufofin wannan darasi.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ire-iren gishiri da kanwa da wuraren da Hausawa suka riƙa samo su;
ii. kawo karin magana da adon harshe da suka ƙunshi waɗannan kalmomi;
iii. bambance tsakanin gishiri da kanwa da toka ta fuskar sinadaran da ke cikinsu;
iv. faɗin adadin gishiri da na fotasiyam da ya dace da baligi a rana;
v. tsara darasin aji a kan wannan batu cikin daidaitacciyar Hausa.

3.0 Gishiri da Kanwa a Tarihin Ƙasar Hausa

Tsakiyar ƙasar Hausa ba ta da mahaƙar gishiri mai yawa, saboda haka tun fil azal daga nesa ake kawo shi. Daga arewa maso gabas, ayarin raƙuman Buzaye yakan ratsa hamada zuwa Bilma da Fashi a cikin ƙasar Nijar ta yau, ya ɗauko kantu da beza. Kantu shi ne gishirin da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tsini, kuma an fi ba dabbobi shi, beza kuwa ta fi tsabta, ita ake sa wa a miya. Daga ƙasar Manga ake samun manda. Daga gaɓar Tafkin Chadi ake kawo ungurnu, wadda nau'in kanwa ce mai tauri. Daga kudu kuma akwai gishirin Awe da Keana a Jihar Nasarawa ta yanzu.

Mutanen yammacin ƙasar Hausa, wato Sakkwato da Gwandu da Kabi, suna da wata hanyar da ta fi kusa da su. Wannan ita ce kwarin Foga da ke yammacin Kabi, inda ake tace ƙasa mai zartsi a dafa ruwanta har ya zama gishiri, da kuma kwarin Boso inda ake samun kanwa. Bature mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya bi ayarin gishiri daga Azbin zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen shekarar 1850, kuma a 1853, bayan ya bar Sakkwato ya ratsa ta Gwandu, ya isa kwarin Foga ya ga yadda ake dafa gishirin da idonsa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a 1986 a kan wannan fatauci. Garuruwan da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu, irin su Sifawa inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Boɗinga inda Malam Abdullahi ƙanensa ya zauna, da Shagari, duk suna kan hanyar da fatake suke bi.

Abin lura a nan shi ne, kayan da aka ɗauko a bayan raƙumi ko jaki na tsawon makonni ba ya araha. Don haka a wancan zamani tsada ce take auna wa uwargida gishirin da za ta sa a miya. A yau buhun gishiri yana isa kowace kasuwa a mota, ƙulli ɗaya kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aunin da tsada ta gindaya ya kau, sai dai wanda ilimi zai gindaya.

4.0 Gishiri da Kanwa a Harshe da Al'ada

Darajar da gishiri ya samu ta bar sawunta a harshe. Idan mutum ya zuzuta labari fiye da yadda ya faru, sai a ce ya "ƙara gishiri". Abincin da ba shi da ɗanɗano ana kiran sa lami ko a ce ya yi salaf, kuma ana aron waɗannan kalmomi a siffanta zance ko taron da bai yi armashi ba. Daga cikin karin magana akwai:

a. Hanci bai san daɗin gishiri ba.
b. Gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya.
c. Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta.
d. Kanwa uwar gami.

Karin magana na (c) ya samo asali ne daga yadda kanwa take kashe tsami a tukunya da kuma a ciki, ana kuma kawo shi idan an kashe wata rigima. Na (d) kuwa ana jifan wanda ya haddasa wani al'amari da shi. Ɗalibi ya lura cewa a yawancin waɗannan maganganu gishiri alama ce ta daɗi da ƙima, kanwa kuma alama ce ta magani da gyara. Harshen bai tanadi wata sananniyar magana da take gargaɗi a kan yawansu ba, domin a lokacin da aka ƙirƙiri maganganun ƙarancinsu ne abin kuka.

A al'ada ma haka abin yake. A wurare da dama na ƙasar Hausa gishiri yana cikin kayan da ake kaiwa gidan yarinya lokacin neman aure, a raba wa dangi tare da goro. Kanwa kuwa tana cikin tanadin da miji yake yi idan matarsa ta kusa haihuwa, saboda kunun kanwa da mai jego take sha. Ana sa ta a ɗanwake da tubani, ana jefa ta a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, ana sa ta a miyar kuɓewa da ta karkashi don yauƙi, a miyar sure kuma don rage tsami. Masu cin taba gari suna haɗa ta da ita, makiyaya kuma suna ba dabbobinsu.

5.0 Sodiyam da Fotasiyam: Ma'ana da Aiki

Gishirin girki haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Ke nan giram 5 na gishiri yana ɗauke da giram 2 na sodiyam. Shi kuwa fotasiyam wani sinadari ne dabam, wanda aka fi samu a ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da gyaɗa da dankali. Wani masanin kimiyya na Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware kowane ɗayansu shi kaɗai a shekarar 1807.

Jiki yana bukatar dukkansu. Mafi yawan sodiyam yana cikin jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halittar jiki, mafi yawan fotasiyam kuma yana cikin ƙwayoyin kansu. Da musayar da ke tsakaninsu ne jijiyoyi suke aika saƙo, tsoka take motsi, zuciya take bugawa daidai. Sai dai sodiyam yana da wata ɗabi'a, wato duk inda ya taru yana riƙe ruwa. Idan ya yi yawa, ruwan da ke cikin hanyoyin jini yakan ƙaru, sai zuciya ta riƙa tura shi da ƙarfin da ya wuce kima. Idan wannan hali ya ɗore, shi ake kira hawan jini, kuma likitoci suna ɗaukar awon 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin alamarsa. Daga cikin abubuwan da yake haifarwa akwai shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da ciwon ƙoda. Fotasiyam kuwa yana taimaka wa ƙoda ta fitar da rarar sodiyam ta fitsari, yana kuma sassauta bangon hanyoyin jini. Saboda haka masana ba sa duban gishiri shi kaɗai, sukan dubi yadda sinadaran biyu suka yi kunnen doki ko ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba idan an shafe kansa. Wannan adadi ya haɗa da gishirin da ke cikin duk abin da mutum ya ci tun daga safe har dare. Ta kuma ba da shawarar ya sami aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna cewa matsakaicin abin da baligi yake ci a duniya ya kai giram 10.8 na gishiri a rana, fiye da ninki biyu na abin da aka shawarta, kuma ana danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 1.89 a kowace shekara da yawan cin sodiyam.

Hanyar da masana suka fi amincewa da ita wajen auna gishirin da mutum yake ci ita ce tara fitsarinsa na awa 24 a auna, domin kimanin kashi 90 cikin 100 na sodiyam da aka ci ta nan yake fita. Tambayar mutum ko yana cin gishiri da yawa ba ta wadatarwa, saboda harshe yana sabawa, wanda ya saba kuma ba ya jin yawansa.

6.0 Kuskuren Fassara: Kanwa da Toka

Ƙamusoshin Hausa zuwa Ingilishi sun saba fassara kanwa da kalmar "potash", kuma da wannan suna ake kiran ta a Ingilishin Nijeriya har yau. Daga wannan kalma ce Turawa suka samo sunan fotasiyam. Saboda haka mai ɗan ilimin boko yakan yi saurin yanke hukunci cewa kanwa ita ce fotasiyam, har a ji mai fassara ya mayar da shawarar "a ƙara cin fotasiyam" zuwa "a ƙara cin sinadarin kanwa".

Wannan fassara tana da haɗari. Binciken ɗakin gwaji ya nuna cewa kanwar da ake haƙowa daga tafkuna da fadamu, ja ce ko fara ko ungurnu, galibin abin da ke cikinta sodiyam kabonet ne da danginsa, tare da gishiri da ƙasa. Fotasiyam ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Wato ta fuskar hawan jini kanwa 'yar'uwar gishiri ce, domin sodiyam take ƙara wa jiki. Mai hawan jinin da ya rage gishiri ya ƙara kanwa, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Asalin kalmar ta Ingilishi shi ne "tokar tukunya", wato abin da ake samu idan an jiƙa tokar itace aka tace ruwan aka dafa shi ya ƙafe. Hausawa sun san wannan abu sarai, shi ne ruwan toka da mata suke tacewa daga tokar karan gero ko na dawa su sa a miya. Wannan toka ita ce mai ɗauke da fotasiyam. Haka kuma alamar da masana kimiyya suke rubuta fotasiyam da ita, wato harafin K, ta samo tushe ne daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai, alamar sodiyam kuwa, wato Na, daga kalmar "naɗrun" ta fito, wadda ita ce sunan kanwa a Larabci. Ashe ke nan tun a cikin sunayen akwai shaidar cewa kanwa ta sodiyam ce, toka kuma ta fotasiyam.

Wannan bayani ba kira ba ne ga shan ruwan toka a matsayin magani, domin kaifinsa yana iya ƙona baki da ciki. Manufar ita ce malami ya tsare kalmomi uku, kowace a muhallinta: gishiri, kanwa, fotasiyam. Inda babu kalmar Hausa da ta yi daidai da sinadari, aro tare da Hausantarwa ya fi aminci a kan kwaikwayon da zai ɓatar da mai sauraro.

Batun kanwa da lafiyar zuciya ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawaitar gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya, musamman na Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa, ya jawo hankali ga wasu dalilan, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka, babu saɓani a kan cewa mai jegon da take da hawan jini ko kumburin ƙafa ba ta bukatar ƙarin sodiyam.

7.0 Daga Horo Birni Zuwa Birnin Sakkwato

Kalmar birni tana da ma'ana biyu. Tsohuwar ma'anarta ita ce gari mai ganuwa, kuma ita ake gani a sunayen garuruwa irin su Birnin Kabi da Sabon Birni da Horo Birni. Sabuwar ma'anarta kuwa ita ce babbar alƙarya mai ofisoshi da kantuna da masu aikin albashi. Da wannan ma'ana ta biyu ake amfani a nan.

Horo Birni mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga, kuma noma da kiwo su ne ginshiƙan rayuwar wannan yanki. A ɗauki misalin magidancin da ya tashi a can. Abincin da ya saba da shi shi ne hura da nono da rana, tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko ta sure da dare, ɗumame da safe. Da damina akwai kwaɗon rama da tafasa da zogale, da kaka akwai wake da gyaɗa da kabewa, da rani kuma akwai ɗinya da magarya da aduwa da goruba. Hura ba a sa mata gishiri. Daddawar kalwa ita ce mai ba miya ɗanɗano. Yawancin wannan abinci yana da wadatar fotasiyam, kuma mai cin sa yana wuni a gona yana aikin ƙarfi.

Idan wannan magidanci ya koma birnin Sakkwato don aiki ko kasuwanci, cimarsa takan sauya kamar haka:

i. Karin kumallo: shayi da burodi, ko taliyar 'yan yara mai ƙunshin garin ɗanɗano, a teburin mai shayi. Burodi yana ɗauke da gishiri ko da harshe bai ji ba.
ii. Abincin rana: shinkafa da miya ko dafa-duka a wurin mai sayar da abinci, wadda take sa ɗanɗano da yawa don ta riƙe masu saye.
iii. Maraice: tsire ko balangu ko kilishi, da yajin da aka daka da gishiri da dunƙule.
iv. Abincin dare: tuwon shinkafa ko na garin kanti, da miyar da aka haɗa mata gishiri da dunƙule da farin magi, wani lokaci har da kanwa.

Abu biyu ne suka faru a lokaci ɗaya. Na farko, sodiyam ya ƙaru ta ƙofofin da ba a kiran su gishiri. Kimanin rabin nauyin dunƙulen ɗanɗano, ko fiye, gishiri ne. Farin magi ma sodiyam ne kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. Na biyu, fotasiyam ya ragu, domin ganyen da ake tsinka kyauta a bayan gida ya zama abin saye, gogaggiyar shinkafa kuma ta rasa wani kaso mai yawa na fotasiyam tare da dusarta.

Ga misali na lissafi da malami zai iya yi a allo. A ce tukunyar miya ce ta mutum 10, aka sa mata dunƙule 6 masu nauyin giram 4 kowane. Jimillarsu giram 24, rabinsa gishiri, wato giram 12. Aka ƙara babban cokali ɗaya na gishiri, kimanin giram 18. Jimilla giram 30 ke nan, kowane mutum ya tashi da giram 3. Idan an ci irin wannan miya sau biyu a rana, an sami giram 6, an riga an wuce iyaka tun ba a lissafa burodi da yaji da kanwa ba.

Bincike ya tabbatar da cewa hawan jini yana bin sauyin rayuwa irin wannan. Wani nazari da Richard Cooper da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya kwatanta al'ummomi masu tushe ɗaya na Afirka ta Yamma, ya sami masu hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka, kuma ƙiba da yawan sodiyam a kan fotasiyam suna cikin abubuwan da suka bi wannan hauhawa. A Nijeriya, wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya nuna masu hawan jini sun ƙaru daga kimanin miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020.

Kada a ɗauka cewa karkara ta tsira. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega tana kai kayan kanti ko'ina, kuma dunƙule da taliya sun daɗe da shiga tireda a ƙauyuka. Cimar birni takan riga kwalta isa gari.

8.0 Hanyoyin Gyara

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin talaka ba, domin yawancinsa komawa ne ga abin da aka sani.

i. A riƙa auna gishiri da cokali a maimakon yatsu, a kuma rage shi sannu a hankali. Harshe yakan saba da sabon ɗanɗano cikin 'yan makonni.
ii. Idan an sa dunƙule a rage gishiri, kada a tara gishiri da dunƙule da farin magi a tukunya ɗaya.
iii. A dawo da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, waɗanda suke ba miya ƙamshi da ɗanɗano.
iv. A jiƙa wake tun da dare don ya nuna ba tare da kanwa mai yawa ba.
v. A yawaita abinci mai fotasiyam. A kowane giram 100, busasshen wake yana da kimanin miligiram 1,100, gyaɗa 700, dabino 650, ɗanyen alayyafo 600, ayaba 360, dankalin Hausa 340, tumatir 240. Fotasiyam yana narkewa a ruwa, don haka kada a dafa ganye ya wuce kima a zubar da ruwansa.
vi. Gishirin da za a saya ya kasance mai aidin. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin girki don yaƙi da maƙoƙo, kuma ɗan abin da aka shawarta a ci ya isa ya biya wannan bukata.
vii. Kowane baligi ya riƙa zuwa awon jini, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba.

Akwai kuma gishirin da aka rage wa sodiyam aka maye gurbinsa da fotasiyam. Wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda ya ƙunshi mutum 20,995 aka wallafa a 2021, ya nuna cewa amfani da shi ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irinsa ga baligai, ban da yara da masu juna biyu da masu ciwon ƙoda. A shekarar ce kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da kundin jagora na ƙasa a kan rage cin sodiyam.

Wajibi ne malami ya haɗa wannan darasi da gargaɗi biyu. Na farko, mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini ko na zuciya kada su ƙara fotasiyam sai da izinin likita, domin taruwarsa a jini tana iya tsayar da zuciya. Na biyu, ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa magani ne na ceton rai, ba ya cikin abin da ake cewa a rage.

9.0 Dabarun Koyar da Darasin

Malami ya fara daga abin da yara suka sani. Ya zo aji da gishiri da kanwa da toka da dunƙule da daddawa, ya nemi su faɗi sunan kowane da amfaninsa a gidajensu, da yadda ake kiran sa a karin harshensu. Daga nan ya kawo karin magana a tattauna, sannan ya shiga lissafin tukunyar miya. Ya guji kushe girkin iyaye, domin yaron da aka kunyata uwarsa a aji ba zai kai mata saƙo ba. Ya kuma tuna cewa a yawancin gidaje maigida ne mai cefane, uwargida ce mai girki, saboda haka saƙon na su biyu ne. Magidancin da yake ture kwano yana cewa miya ta yi lami, shi ne yake ƙara wa tukunya gishiri ko da bai taɓa shiga madafa ba.

10.0 Kammalawa

An ga yadda gishiri ya tashi daga kayan fatauci mai tsada ya koma abin da ya fi komai araha a tukunya, alhali harshe da al'ada suna nan suna yi masa kallon da suke yi masa a zamanin ayari. An ga cewa zaman birni yana ƙara sodiyam ta hanyar dunƙule da burodi da yaji da abincin saye, yana kuma rage fotasiyam ta hanyar ƙarancin ganye da wake da 'ya'yan itatuwa. An kuma tabbatar da cewa kanwa ba ita ce fotasiyam ba, sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Malamin Hausa da ya riƙe waɗannan abubuwa uku, ya kuma iya bayyana su da kalmomin da suka dace, zai amfani ɗalibansa da iyayensu baki ɗaya.

11.0 Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren gishiri da kanwa guda biyar tare da wuraren da ake samo su.
2. Yi sharhi a kan karin maganar "Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta" ta fuskar asali da ma'ana.
3. Me ya sa fassara fotasiyam da "sinadarin kanwa" take da haɗari?
4. Giram nawa na sodiyam ke cikin giram 15 na gishiri?
5. Waɗanne mutane ne bai kamata su ƙara fotasiyam ba sai da izinin likita?

12.0 Jinga

a. Ka ziyarci kasuwa mafi kusa da kai, ka tattaro sunayen gishiri da kanwa da ake sayarwa, ka tambayi masu sayarwa inda ake kawo su, sannan ka rubuta rahoto na shafi biyu.
b. Ka rubuta sanarwar rediyo ta minti ɗaya cikin daidaitacciyar Hausa a kan rage gishiri, sannan ka sake rubuta ta cikin Sakkwatanci kamar yadda za a karanta wa mutanen Horo Birni.
c. Ka tsara shirin darasi na minti 40 a kan wannan batu don ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare.